Ga ɗalibar da ake kira mai kwalliya a ajin kimiyyar kwamfuta

Wasiƙar wannan makon daga Gombe ta fito. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye kamar yadda mai ita ta roƙa.

"Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a aji huɗu, ina karanta kimiyyar kwamfuta. A aji uku mun yi darasi kan hulɗar mutum da kwamfuta, tun daga nan hankalina ya koma kansa, har nake so in yi aikin kammala digirina a fannin, in Allah ya nufa kuma in yi digiri na biyu a cikinsa. Malamin da ke duba aikina ya ce wannan zaɓen launi ne da jera maɓallai kawai, abokan karatuna kuma suna kirana mai kwalliya. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, shi ya ɗauki nauyin karatuna tun daga firamare, kuma tambayarsa ɗaya ce: wane aiki ake samu da shi? Na kasa ba shi amsa. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Ban ƙware a kodin ba, wato rubuta manhaja, ina tsoron ko gudu nake yi na fake da wannan fanni. Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da maganar malaminki domin ita ce mafi sauƙin warwarewa, in ajiye wadda kika ɓoye a layin ƙarshe sai mun yi nisa, tunda ta fi sauran nauyi.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin saman Amurka sun yi ta asarar jiragen yaƙi samfurin B-17 a wajen sauka, ba tare da abokin gaba ya taɓa su ba. Matuƙi zai dawo daga fagen fama lafiya, ya sauka a kan titi, sai kawai ya janye tayoyin jirgin, jirgin ya kwanta a kan cikinsa. Kowane rahoto abu ɗaya yake cewa, wato kuskuren matuƙi. Sai a 1943 wani matashin masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alphonse Chapanis ya shiga ɗakin tuƙin ya duba, ya tarar makunnin tayoyi da makunnin fiffiken rage gudu kamarsu ɗaya, kuma suna dab da juna, ta yadda mutumin da ya shafe sa'o'i a sama a gajiye ba zai bambance su ba. Ya sa aka maƙala ɗan ƙaramin taya na roba a kan na tayoyin, aka sa wani abu mai siffar fiffike a kan ɗayan, domin hannu ya gane ko ido bai duba ba. Irin wannan haɗari ya kau. Haka kuma a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania, a watan Maris na 1979, wata 'yar fitila ta sa ma'aikata suka ɗauka wani bawul ya rufe, alhali abin da fitilar take nunawa shi ne an aika masa umarnin rufewa, shi kuwa yana nan a buɗe ruwan sanyaya injin yana tsiyayewa. Sun shafe fiye da sa'a biyu suna aiki da abin da fitila ta gaya musu. Wanda ya tsara wannan fitila shi ma zaɓen launi da jera maɓallai ya yi, in dai haka za a kira aikin.

Daga irin wannan tushe fannin ya taso, sannan ya haɗu da kwamfuta. Tun a 1954 Paul Fitts ya fitar da lissafin da ke nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya isa wani wuri yana ƙaruwa da nisan wurin, yana raguwa da girmansa, kuma da wannan lissafi ake auna girman maɓallan da ke wayarki har yau. Douglas Engelbart ya nuna wa duniya linzamin kwamfuta a San Francisco ranar 9 ga Disamba 1968, masu bincike a cibiyar Xerox PARC suka gina tagogi da gumakan da muke dannawa a shekarun 1970, kamfanin Apple ya kai su kasuwa da Macintosh a 1984. Babbar ƙungiyar masana kwamfuta ta duniya, ACM, ta kafa reshe na musamman domin wannan fanni a 1982, kuma taronsa na shekara-shekara yana cikin manyan tarukan kimiyyar kwamfuta. Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh tana da cibiya guda sukutum da ba ta karantar da komai sai shi. A nan nahiyarmu ma an fara taron AfriCHI a Nairobi a 2016.

Amma kada ki kwashi wannan tarihi ki je ki zube wa malaminki a tebur, domin ba zai haifar miki da ɗa mai ido ba, kuma a gaskiya ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Na ga irin ayyukan da ɗalibai ke kawowa da sunan tsara fuskar manhaja: shafi goma na hotunan allo masu sheƙi da aka zana a manhajar zane ta Figma, launi ya hau launi, amma ba a taɓa miƙa wa mutum ɗaya ya gwada ba, babu awo, babu lissafi, babu tambayar da aka yi niyyar amsawa. Malamin da ya duba irin wannan sau biyar yana da hujja in ya yi tsaki a na shida. Abin da yake tsoro shi ne ranar kare aiki mai jarrabawa daga waje ya tambayi ina kimiyyar take, a rasa amsa, sunansa kuma yana kan takardar. Idan kika kai masa tambayar bincike da hanyar auna ta, ina kyautata zaton zai saurare ki.

Bari in ba ki abin da na gani da idona, domin daga nan nake so aikinki ya fito. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, ina zaune kusa da kawuna a Bauchi yana ƙoƙarin tura wa wani mai shago kuɗi ta manhajar bankinsa. Ya ɗora tabarau a kan hanci, ya riƙe wayar da hannun hagu nesa da fuskarsa, yana danna lambobin asusun ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsan dama, leɓɓansa suna motsi. Ya gama, ya danna maɓallin turawa. Allon bai ce komai ba. Wani ɗan da'ira ya juya sau biyu ya ɓace, shafin ya tsaya yadda yake, da adadin kuɗin, da maɓallin, kamar ba a taɓa shi ba. Kawu ya jira kaɗan, ya ce "bai tafi ba", ya sake dannawa. Bayan sallar la'asar saƙo biyu suka shigo a jere, an cire kuɗin sau biyu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne abin da ya faɗa yana mayar da wayar aljihu: "Mu tsofaffi ba mu iya waɗannan abubuwa ba." Ya ɗora wa kansa laifi, kamar yadda aka ɗora wa matuƙan nan na 1943. Alhali kuwa ƙa'ida ta farko cikin ƙa'idoji goma na sauƙin amfani da manhaja da masanin fannin Jakob Nielsen ya wallafa a 1994 ita ce na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da take ciki. Da an kashe maɓallin bayan dannawar farko, aka rubuta "ana turawa, a dakata", da kawu bai yi sati yana zarya wajen mai shago ba. Wanda ya rubuta kodin ɗin manhajar ya iya aikinsa, tunda kuɗin sun tafi daidai har sau biyu, sai dai bai taɓa zama kusa da dattijo mai tabarau a wurin da sabis ke ɗaukewa ba.

To ke ga shi Allah ya ba ki ɗakin gwaji a gida. Mahaifinki da maƙwabtansa a Tudun Hatsi suna juya kuɗi masu yawa kullum, da yawansu ta waya da na'urar POS, wasu kuma har yanzu littafin bashi ne da biro a bayan kunne. Ki nemi izininsa ki je ki zauna a rumfar kwana uku, ki kama bakinki, ki yi kallo. Ki lura da yadda ake lissafi da buhu da kwano alhali manhaja kilo ta sani. Ki lura da wanda ke miƙa wa yaron shago waya ya karanta masa saƙon banki, da abin da hakan ke nufi ga sirrin dukiyarsa. Ki duba yadda ake ƙirga sifili da ɗan yatsa a kan allo, domin tsakanin 50000 da 500000 in babu waƙafi a tsakiya, ido mai gajiya a cikin rana ba ya rabewa, kuma bambancin ya isa ya karya ƙaramin ɗan kasuwa. Ki ga yadda allon waya ke dushewa da tsakar rana, rubutu mai ruwan toka a kan fari ya ɓace ɗungum, ga shi kuma ƙa'idojin W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Sannan ki lura da cewa mutumin da ba zai rubuta layi ɗaya ba yana aika saƙon murya ashirin a WhatsApp kafin azahar. Duk wanda ya zauna ya ga wannan ba zai rasa tambayar bincike ba.

Ga misalin wadda zan ba ki, ki gyara ta yadda ta dace da ke. Idan shafin tabbatar da tura kuɗi ya faɗi adadin da sunan mai karɓa da muryar Hausa, a ce "Naira dubu hamsin za ka tura wa wane, haka ne?", shin kuskure zai ragu idan aka kwatanta da shafin da ke nuna lambobi da Turanci kawai? Wannan tambaya ce da ake aunawa. Za ki gina fuska biyu, ki ba mutane aiki iri ɗaya a kan kowacce da kuɗin wasa, ki ƙirga daƙiƙun da suka ɗauka, da kurakuran da suka yi, da adadin waɗanda suka kammala ba tare da an taimaka musu ba. Ki riƙa sauya wadda ake fara gwadawa, domin wanda ya fara da ta farko ya riga ya koyi wani abu kafin ya zo ta biyu, in ba ki sauya ba sai ki ɗauka tsarinki ne ya fi alhali sabo ne ya yi aiki. Akwai kuma ma'aunin tambayoyi goma da John Brooke ya ƙirƙiro a 1986, ana kiransa SUS, wanda ke ba da maki daga 0 zuwa 100 kan sauƙin amfani. Mayar da waɗannan tambayoyi goma zuwa Hausar da ɗan kasuwa zai gane ba tare da ma'anarsu ta karkace ba, shi kansa aiki ne da ya cancanci babi guda. Kuma ba ke ce farau a wannan hanya ba, domin Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore a Indiya sun yi shekaru suna gwada fuskokin manhaja marasa rubutu da mutanen da ba su yi karatun boko ba, sai ki nemi rubuce-rubucensu ki karanta kafin ki fara.

Kafin ki rubuta layi ɗaya na kodin, ki fara da takarda. Ki yanka kwali daidai girman waya, ki zana kowane shafi da alƙalamin maka a kan takarda daban, ki ajiye a gaban mutum ki ce ya tura wa ƙaninsa dubu biyar. In ya taɓa maɓallin da kika zana, ke ce kwamfutar, sai ki cire wannan takarda ki ɗora ta gaba. Za a yi miki dariya a minti na farko, a na biyu kuwa za ki ga yatsa ya tsaya cak a sama yana neman inda zai sauka, kuma wannan tsayawar ita kike nema. Kada ki ce masa "nan za ka danna", ko da ranki yana ƙaiƙayi. Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yana fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin fuska, saboda haka ki gwada da biyar, ki gyara, ki sake neman wasu biyar. Sai dai ki sani wannan adadi na gano matsala ne. Kwatanta fuska biyu da lissafi yana buƙatar mutane da yawa fiye da haka, ki zauna da wani malamin ƙididdiga ya taya ki tsayar da adadin tun kafin ki fita.

Abu biyu kada ki yi wasa da su. Ki nemi yardar kowane mutum da bakinsa bayan kin bayyana masa abin da kike yi, kada ki taɓa lambar sirrin kowa ko asusunsa na gaske, kada kuma ki ɗauki hoton fuska ko ki rubuta suna a rahoto. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka amana ce, musamman tunda albarkacin mahaifinki za su ba ki lokacinsu. Na biyu kuma, ki kula da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu nau'o'in rubutu na waya suna mayar da su akwati fanko, kuma kin san abin da ke tsakanin kafa da ƙafa. Wani abu da 'yan ajinku maza ba su da shi kuma ke kina da shi: kina iya shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga", ki zauna da matan da ke sayar da ƙuli-ƙuli da turaren wuta da atamfa ta waya daga cikin ɗaki, ki ga yadda suke karɓar kuɗi. Masu tsara manhajoji a Legas ba su san da zamansu ba sai a takarda. In ma kika ga wasu sun fi sakewa da Fulatanci, ki rubuta hakan, domin Gombe ba Hausa kaɗai ake ji ba.

Yanzu mu zo ga Baba. Tambayarsa daidai ce, kuma wanda ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta shekara da shekaru yana da haƙƙin a ba shi amsa ta gaskiya. Gaskiyar ita ce a Gombe ko Bauchi da wuya ki ga an tallata gurbin aiki da sunan wannan fanni. Masu ɗaukar irin waɗannan ma'aikata bankuna ne, da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, da kamfanonin sadarwa, da ƙungiyoyin da ke gina manhajojin lafiya da noma, kuma yawancinsu suna Legas da Abuja, wasu kuma ana yi musu aiki daga gida ta intanet, in akwai wuta da sabis mai ƙarfi. Masu shiga fannin sun yi yawa a 'yan shekarun nan, da yawansu da kwas na wata uku, kuma abin da ake dubawa shi ne ayyukan da mutum ya yi da yadda ya bayyana dalilin kowane zaɓi. Kada ki yi wa Baba alƙawarin albashin dala. Ki gaya masa cewa takardar da za ki fito da ita ta kimiyyar kwamfuta ce kamar ta kowa a ajinku, babu ƙofar banki ko ta gwamnati da za ta rufe saboda taken aikin kammalawarki, wannan ƙari ne a kai. Kuma kada ki yi maganar a tsaye yana shirin fita kasuwa. Ki bari bayan isha'i ya ci abinci, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce kina neman taimakonsa a kan aikin makaranta, ki roƙe shi ya nuna miki abin da ya fi ba shi haushi a wayarsa. Zai nuna miki, domin babu ɗan kasuwar da ba shi da irin wannan ƙorafi. In ya gama sai ki ce, "Baba, gyaran wannan shi ne karatun." Idan kina jin nauyin fara maganar, ki bi ta wajen Mama ta share miki hanya.

Saura maganar da kika ɓoye. Na ji daɗi da kika faɗe ta, kuma ba zan lallashe ki da ƙarya ba. Idan gudun wahala ne ya kawo ki, kin gudu daga ruwa kin faɗa kogi, domin a nan za ki haɗa ƙididdiga, da ilimin halayyar ɗan Adam, da rubutu mai tsabta, da haƙurin zama da mutane suna watsar da abin da kika kwana kina ginawa. Kwamfuta in ta ƙi aikinki tana gaya miki layin da kuskure yake, mutum kuwa murmushi zai yi ya ce "ya yi kyau" don kada ya kunyata 'yar Alhaji, sai ke ki gano daga yatsunsa cewa bai gane komai ba. Amma ban ga alamar gudu a wasiƙarki ba. Wanda ke gudu ba ya maganar digiri na biyu, kuma ba ya tuhumar kansa. Abin da na gani shi ne ɗalibar da aka koya wa kodin a kan allo da alli, ta rubuta shi a takardar jarrabawa, ba ta taɓa gina abin da wani zai yi amfani da shi ba, ta ɗauka ita ce ba ta da kai. Da yawa sun fara gane kodin ne ranar da suka sami abin da suke so su gina.

Saboda haka sharaɗina gare ki shi ne kada ki saki kodin. Ba a ce ki zama gwanar kowane harshe ba, amma HTML da CSS da JavaScript, waɗanda ake gina shafukan intanet da su, dole ne su zauna a hannunki har ki iya gina fuskokin nan biyu da kanki, su yi aiki a kan ƙaramar waya mai arha. Ki ware sa'a ɗaya kullum, ki gina shafin tabbatar da kuɗin nan ɗaya tak, ki lalata, ki sake. Kada ki biya wani ya rubuta miki, domin ranar kare aiki tambaya ɗaya za ta tona asiri, kuma sunan mai kwalliya zai tabbata. Mai tsarin da ya san abin da kodin zai iya da wanda ba zai iya ba, shi injiniyoyi ke saurara a wurin aiki.

Digiri na biyu kuwa kada ki sa shi a gaba yanzu. Ki gama wannan, ki yi bautar ƙasa, ki yi amfani da shekarar ki ƙara ayyuka biyu ko uku a kan wannan. A jami'o'inmu hanyar da aka fi bi ita ce a yi digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, a karkata binciken zuwa wannan fanni, don haka malamin da zai duba ki ya fi sunan kwas muhimmanci, ko a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ne, ko a Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko a wani wuri. In kuma waje kike hange, aikin da aka yi da 'yan kasuwar hatsi da harshensu, da awo mai tsabta, ya fi jan hankalin masu ba da gurbi a kan kwaikwayon manhajar da kowa ya riga ya sani.

Cikin makon nan ki rubuta shafi ɗaya kacal: tambayar, da waɗanda za ki gwada da su, da abin da za ki ƙirga, da abin da za ki gina da hannunki. Ki kai wa malaminki a lokacin da ba shi da cunkoso, ki ce kin yi tunani a kan gyaran da ya yi miki, ga abin da kika fito da shi, kina neman ya ƙara gyarawa. Idan duk da haka ya ƙi, kada ki yi jayayya da wanda makinki ke hannunsa, kuma kada ki kai ƙararsa. Ki karɓi taken da ya ba ki, ki saka babin gwaji da masu amfani a cikinsa, domin babu manhajar da ba mutum ne zai taɓa ta ba, ki ci gaba da na Tudun Hatsi a gefe da sunan kanki. Ki rubuto min bayan kin yi kwana ukun nan a rumfa, ina so in ji abin da Baba ya fara nuna miki a wayarsa. Ki gaishe min da shi da Mama.